Motar Yaya Ta Tafasa a Vedoko

Ranar sadakar uku ta Baba, bayan an yi addu'a an raba waina da goro, Yaya ya miƙo mini makullin motarsa. Bai dube ni ba. Ya ce tana nan gefen titi a Vedoko inda ya bar ta, in je in ɗauke kafin a kwance mata fitilu. Na karɓa na jefa a aljihu, na ci gaba da naɗe tabarmar da ke hannuna.

Ni bakanike ne. Garejina yana bayan tashar Jonke a nan Kwatano, rumfar kwano ce da rami ɗaya, ba nisa da gidanmu na Zango. Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ya ba ni shekara shida. A shekarun da aka sauke mulkin juyin juya hali aka koma jefa ƙuri'a, tashar jiragen ruwa ta cika da tsofaffin motocin Turai, waɗanda muke kira benu, kuma Yaya yana cikin masu fito da su wa 'yan Nijar da 'yan Najeriya. Ya samu, ba laifi. Da ya samu kuwa, maimakon ya sayi abin da zai ɗauki iyali, sai ya ɗauko wata ja mai ƙofa biyu irin ta tsere, cikinta yana neman shafar ƙasa, fitilunta su ɗago in an kunna, su koma su kwanta in an kashe. Lambar da ke jikin agogonta ta ce ba ta yi wata tafiya ba. Ni da na ga robar birki ta suɗe har ƙarfe ya fito, na san an mayar da lambar baya, tafiyar da ta yi sai Allah. Yaya ma ya sani, ai sana'arsa ce.

Baba tsohon direban babbar mota ne, Kwatano zuwa Malanbil zuwa Yamai, sama da shekara talatin. A hannunsa na fara riƙe sifana. Ranar da aka kawo jar motar ya zagaya ta sau ɗaya da carbinsa a hannu.

"Wannan ce motar?" ya ce wa Yaya. "Motar da sai ka durƙusa mata kafin ka shiga, kamar surukarka? Buhun masara ɗaya ba za ta ɗauka ba."

Shekara uku tana kwana a ƙofar gidanmu bai taɓa sa ƙafarsa a ciki ba. Makullin dai a ɗakinsa yake kwana a jikin ƙusa, domin Yaya mutum ne mai ɓatar da makulli. Sau ɗaya Baba ya taɓa yi mini maganarta, muna dawowa daga masallaci. Ya ce, "Motar yayanka tana shan ruwa. Ka duba mata, ruwa ba ya tsami banza." Na ce masa tsufa ne, Baba, duk benu haka suke. Daga nan na manta da maganar.

Mako guda kafin rasuwar, Yaya ya kawo ta gareji ya ce allurar zafi tana hawa in ya shiga cunkoso. Lokacin zaɓe ne. Motocin yaƙin neman ƙuri'a guda huɗu suna jere a gabana, kowacce da lasifika a kanta, masu su suna tsaye a kaina suna duba agogo. Duk bakaniken da zai faɗi gaskiya ya san yadda ake aikin gida: shi ake yi a ƙarshe, kuma shi ake yi a tsaitsaye, don ɗan'uwa ba ya fushi ya tafi wani gareji. Na yi mata abin da kowa yake yi wa benu a Kwatano. Na cire kalorsta, ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, wanda mu a nan muke cewa na ƙasar sanyi ne. Na ja waya na haɗa fanka kai tsaye, ta yadda da an murɗa makulli za ta kama juyawa ba sai ta jira zafi ba. Na cika ruwa, na rufe, na buga bonet da tafin hannu.

"Je ka, Yaya," na ce masa. "Har Yamai ma za ta kai ka."

Ran Asabar aka yi suna a gidan ƙanwarmu a Godome. Ni ban je ba, aiki ya riƙe ni. Baba ƙafa tana damunsa, ba ya iya hawa zemijan, baburan hayan nan, don haka a karon farko ya yarda ya durƙusa ya shiga motar Yaya. An ce har da dariya ya shiga. Bayan an raɗa suna, wajen hantsi, yana zaune a kan tabarma sai ya dafe ƙirji ya kife. Yaya ya ɗauke shi ya sa a mota ya nufo babban asibiti. A mararrabar Vedoko suka tarar da ayarin wani ɗan takara ya toshe hanya. Ban tambayi ko wane ɗan takara ba ne, har yau ba na son sani. A nan motar ta tafasa, tururi ya rufe gilashi, ta mutu. Kafin a samu taksin da zai yarda ya ɗauki mara lafiya a cikin wannan cunkoson an daɗe. Baba ya cika kafin su shiga ƙofar asibiti.

Na yi masa wanka tare da liman, na shiga kabari na karɓe shi, na zauna kwana uku ina amsa gaisuwa. Ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, abin ne ba ya nan. Ina jin kaina kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Duk wanda ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare, in ce haka ne, kuma na yarda haka ne. Amma a cikin masu gaisuwar akwai direbobi da kanikawa, kuma na lura babu wanda ya tambayi abin da ya sami motar. A Zango in mota ta mutu a hanya har mai sayar da shayi sai ya tambayi dalili. Shirun nan shi ya gaya mini kowa ya san hannun wa ta fito.

Abin da nake son sani ɗaya ne: aikina ne ya tsayar da motar nan, ko wani abu ne dabam.

Na samu wani mai bashe, ƙaramar motar kaya, muka jawo ta da igiya. An manna mata hoton ɗan takara a gilashin baya. A ƙasan kujerar gefe na ga takalmin Baba ƙafa ɗaya, na hagu, wanda ya tsaga bayansa saboda kumburi. Na ɗauka na ajiye a kan teburin sifanu, na wanke hannu na fara aiki.

Da nawa aikin na fara. Na bi wayar da na ja tun daga batir har fanka, ina murza ta da yatsa. Ba ta tsinke ba, ba ta ƙone ba. Na murɗa makulli, fanka ta kama ihu nan take. Na kashe na zauna a kan tsohuwar taya. Na gaya wa kaina ba wayata ba ce, na jira in ji sanyi a raina, ban ji komai ba.

Na duba bel, yana nan daram. Na matsa tiyo na sama da na ƙasa, babu wanda ya fashe. Murfin lagireto robarsa ta tsufa amma tana riƙewa. Na zaro ma'aunin mai, baƙi ne wuluk, bai yi farin nan na kunu ba da ke nuna ruwa ya shiga mai. Na kwance fulogogi ɗaya bayan ɗaya, duk a bushe. Ke nan gasket, shimfiɗar nan da ke raba ruwa da mai a cikin inji, bai ƙone ba, injin ya mutu kafin ya cinye kansa. Na sauke lagireton gaba ɗaya na ɗura masa ruwa da tiyo. Abin da ya fito ja ne jawur, da ɓarɓashin wani farin abu, amma ruwa yana wucewa, ba a toshe yake ba. Wannan ya cinye mini yini guda.

Gaskiya ita ce akwai gwaji ɗaya da ya fi duk waɗannan sauƙi, kuma shi ya kamata in fara yi. Na san shi tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Na bar shi ƙarshe da gangan, ina ta kwance abubuwa masu wuya don kada in kai gare shi.

Washegari na mayar da lagireto na cika ruwa, na tayar da ita na bar ta a tsaye. Fanka tana ta ihu, allura kuwa tana hawa abinta a hankali. Baba yakan ce allura ta Bature ce, hannu naka ne. Na kai hannu. Tiyon sama ba ya taɓuwa don zafi, na ƙasa kuwa sanyi ƙalau. Na kashe, na je na yi azahar, na dawo na jira ta huce sarai. Sannan na buɗe murfin lagireto, na tayar da inji, na leƙa.

Motar da aka cire wa kalorsta, da an tayar da ita za ka ga ruwa yana gudu ta bakin lagireto, domin babu abin da ke tare shi. Wannan ruwan yana nan kwance kamar na randa. Na ba ta wuta, injin ya yi ƙara, ruwan ya ɗan girgiza ya koma ya kwanta.

Awa biyu na yi kafin na fito da famfon ruwa. Daga waje lafiyarsa lau, bel yana juya shi. Da na juya cikinsa sai na ga fukafukan da ke tura ruwa babu su, tsatsa ta cinye su, saura ɗan guntun ƙarfe kamar bakin tsohon da haƙoransa suka zube. Ya daɗe yana juyawa a banza. A ƙasansa akwai 'yar huda inda ruwa yake ɗiga, ta yi ɓawon ja da fari. Na kankaro farin da farce na ɗora a harshe. Gishiri.

Wannan ya ɗaure mini kai. Ruwan rijiyoyin unguwarmu akwai ɗanɗanon gishiri, teku tana kusa. Wanki muke yi da shi da alwala, ba ma sha, kuma ni ban taɓa zuba shi a injin kowa ba. Yaya kuwa ko inda ake buɗe bonet sai na nuna masa. To wa ya yi shekaru yana shayar da motar nan ruwan rijiya?

Da la'asar na shiga gaishe da Inna. Tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki cikin kayan takaba, butar Baba ta ƙarfe tana jingine a bakin ƙofa inda ya saba ajiye ta.

"Sannu da aiki," ta ce. "An ce motar yayanka tana wurinka."

"Tana wurina, Inna."

"Allah sarki. Ai yanzu ta yi rashin mai ba ta ruwa."

Na ce wane ne mai ba ta ruwa.

"Babanku mana. Kullum in ya dawo sallar asuba sai ya ɗauki makulli ya buɗe gabanta, ya duba, ya ƙara mata da butarsa. Yana zubawa yana yi mata faɗa. In ce, Alhaji, motar da ka ce ba mota ba ce? Ya ce ko jakin maƙwabci ne ka gan shi da ƙishi ai ka ba shi ruwa. Ya ce kada in faɗa wa yayanka, kansa zai ƙara girma."

"A ina yake ɗibar ruwan?"

"A rijiya mana, inda yake ɗibar na alwala."

Ta yi ɗan murmushi, na farko da na gani a fuskarta tun ran Asabar. Na ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin, na tashi na fita. Manyan motocin da Baba ya tuƙa ko ruwan kududdufi ka zuba musu za su kai ka Yamai, shi abin da ya sani ke nan.

A daren nan na yi barci sosai, abin da ya ba ni kunya da safe. Na tashi da amsa a hannuna, kuma amsa ce mai kyau, babu ƙarya a cikinta. Mota ta tsufa, an mayar da lambarta baya, ruwan gishiri ya ci famfo shekara uku. Ba wayata ba ce, ba kalorsta ba ne. Duk bakaniken Jonke da na nuna wa famfon nan zai ce ba ni da laifi. Sai dai ni na san abin da na yi. Allura ta hau don ta faɗi cewa ruwa ba ya gudu, ni kuma na haɗa fanka ta rufe mata baki, ta yadda gajeriyar tafiyar Yaya daga Zango zuwa tashar jiragen ruwa ba za ta nuna komai ba. Kuma ranar da na cire kalorsta, murfin lagireto yana hannuna, a buɗe, ni na cika ruwan. Abin da ya rage kawai in ce Yaya ya murɗa makulli in leƙa.

Na je wurin masu kayan benu na tono famfo mai lafiya, na ɗaura, na wanke hanyoyin ruwa sau uku da ruwan famfo, na mayar da kalorsta da fanka yadda Bature ya yi su. Ban san dalilin da ya sa na gyara ta ba. Hannuna ne yake aiki, ni ina kallonsa.

Ranar bakwai bayan la'asar Yaya ya zo a kan zemijan. Ya rame, gemunsa ya fito da furfurar da ban san yana da ita ba. Ya ga takalmin Baba a kan tebur, ya kawar da kai.

"Me ka samu?" ya ce.

Na miƙa masa tsohon famfon, na nuna masa inda fukafukan suke a da. Ya juya shi a hannu, ya sa yatsa a ramin.

"Me ya cinye shi haka?"

Maganar butar tana bakina. Da na faɗa, da ya kama kai ya ce Allahu akbar, da mun yi shiru tare, da an bar maganar a kan wanda ba ya nan. Na ce masa tsatsa ce, ya daɗe yana ci.

"To ai ba laifin kowa ba ne," in ji shi, muryarsa a kwance.

"Zo ka gani, Yaya."

Dama na riga na sake cire kalorstan don in nuna masa daidai yadda take a ranar da ya kawo ta. Na buɗe murfin lagireto, na ce ya murɗa makulli ya zo ya leƙa. Ya durƙusa ya shiga, ya tayar, ya fito ya tsaya kusa da ni. Ruwa yana gudu ta bakin lagireto, fes, yana wucewa.

"Ka ga yana tafiya? Ranar da ka kawo ta, da na leƙa nan, da na ga ba ya tafiya. Da ban bar ka ka fita da ita ba."

"Leƙawa kawai?"

"Leƙawa kawai."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Injin yana ta aiki, ni na dogara da hannu a gefensa. Wata motar lasifika ta wuce ta bakin titi tana kiran sunan ɗan takararta, muka jira ta yi nisa.

"Tun daga Godome allurar ta fara hawa," ya ce. "Na gani. A kasuwar Godome akwai taksi a tsaye, har guda biyu, babu kowa a ciki. Na rage gudu zan tsaya. Sai na tuna ka ce har Yamai."

Bai faɗa da faɗa ba. Da ya ɗaga murya, ko ya ɗaga hannu, da na san abin da zan yi da kaina. Ya ajiye famfon a kan tebur kusa da takalmin, ya ce in kashe ta, in nemi mai saye ko in bar ta nan, duk ɗaya ne a wurinsa. Ya tari zemijan ya hau. Na kashe injin, na rufe murfi, na tattara sifanu na jera su yadda suke, na rufe gareji.

Da magariba na shiga gida na tarar duk butocin roba an fita da su wa baƙi. Inna ta leƙo ta ce in ɗauki ta Baba, akwai ruwa a ciki, ita ta cika da safe, hannunta ne ya saba. Na tsuguna a bakin rijiya na naɗe hannun riga. A nan na ga fatar tsintsiyar hannuna ta dama ta saluɓe, faɗin murfin kwalba, inda na dogara da ƙarfen hayaƙi ina sauraron Yaya. Ban san lokacin da ta ƙone ba. Na karkata butar, ruwan rijiya ya sauka a kan ƙunar, gishirin ya kama ta, na ji shi har cikin haƙorana. Na ci gaba da zubawa ina kuka kamar yaro har butar ta ƙare, ban wanke ko fuska ba. Aka tayar da salla a masallacin ƙofar gida ina nan tsugune, Inna tana tambaya daga ɗaki ko ruwan bai isa ba ne.